Kifin roba ko tana? Neman shawara kan ƙugiya da koto a ruwan Yawuri

Malam_Sani_Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa. Ƙanena da ke aiki a Legas ya aiko min da sandar fatsa mai inji, da akwati cike da kaya. Akwai kifayen roba masu ƙugiya baki uku a ciki da wutsiya, akwai cokula masu ƙyalli, akwai kuma ƙugiyoyin da aka zuba wa darma a ka aka ɗaura musu gashi ko jelar roba. Ni tun ina yaro tana na sani da ƙugiya 'yar kasuwa, sai toton kara. Shin kifin ruwanmu yana cin waɗannan abubuwa kuwa, ko don kifin Turai aka yi su? In yana ci, wanne zan ɗaura wa wane kifi, kuma a wane lokaci? A Yelwa nake, Asabar da Lahadi kawai nake samun fita, wani lokaci a bakin gaɓa, wani lokaci abokina ya ɗauke ni a jirginsa mu nufi wajen Zamare.

Basarke_Zamare:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a cikin jirgi aka yaye ni, kuma har yau da su nake ciyar da gidana. Ban taɓa ganin wanda ya cika kwando da roba ba. Tarwada, ramboshi, ragon ruwa, kurungu, duk da gashin bakinsu suke laluben abinci a ƙasan ruwa, da dare, cikin laka. Wari suke bi. To wane wari roba ke da shi? Ka shiga kasuwar Yawuri ka sayi kwalin ƙugiya lamba 8 ko 9, ka nemi hanjin kaza da ya kwana, ko gwazarma daga juji, ko ka yayyanka sabulun salo ƙanana. Ka kafa da yamma, ka duba da asuba. Akwatin nan kuwa ka adana shi, ka gode wa ƙanenka.

Ɗan_Shanga:
Gaskiya Basarke ya faɗa. Gargaza ma ba ruwanta da roba. Ƙaramar ƙugiya lamba 13 ko 14, ɗan tuwon dawa a murza da dusa, shi ke nan.

Injiniya_Mafara:
Yaya Basarke, duk abin da ka faɗa a kan tarwada da danginta haka yake, ba ni da ja. Amma ka bar rabin kifin gulbi a baya. Giwan ruwa, tsage da tufi ba masu laluben laka ba ne, mafarauta ne. Ƙananan kifi suke kora su haɗiye. Da ido suke farauta, sannan da wani layi da ke gefen jikinsu daga kunne zuwa wutsiya, wanda ke jin motsin ruwa ko da ba su ga komai ba. Kifin roba don irin waɗannan aka yi shi. In ka ja shi yana rawa da ƙugu irin ta kifin da ya ji rauni, mafarauci kuwa rauni yake nema.

Maganar kifin Turai kuma, Malam Sani, asalin abin daga can ne, gaskiya. Wani masunci ne a Finland ya sassaƙa nasa na farko a 1936, daga nan kamfanin Rapala ya samo tushe. Amma giwan ruwan da ke cikin Kwara shi ne dai wanda ke tafkin Nasser a Masar da gindin faɗuwar ruwan Murchison a Uganda, kuma a wuraren nan biyu da irin kayan da ke akwatinka baƙi ke kama manya. Ni a Bakolori tana nake ɗaurawa don tarwada da gargaza na fi samu. Amma duk lokacin da na je Bagudo wajen surukaina, da cokali nake tsayawa a ƙarƙashin gadar Tuga, kuma tsage na ci.

Basarke_Zamare:
Na ji Injiniya. Tsage nawa? Don ni lissafin kwando nake yi.

Injiniya_Mafara:
Ba za su cika kwando ba Yaya. Kai sana'a kake yi, kana da ƙugiya ɗaruruwa a ruwa suna maka aiki kana barci. Malam Sani sanda ɗaya ce a hannunsa, kwana biyu a mako. Buƙatarku ba ɗaya ba ce.

Ɗalibin_Bussa:
Ina karatu a kwalejin kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa, bari in sa baki a kan "wane lokaci", don a ganina nan ne amsar take. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan Yawuri ya zama kan tafkin, kuma ruwa biyu ke shigo masa a shekara. Na farko farin ruwa, na daminarmu, wanda Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke kwasowa da laka daga wajen Agusta zuwa Oktoba. In ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya iso mana cikin hunturu, daga Disamba zuwa wajen Fabrairu, garau da shi.

A farin ruwa maganar Baba Basarke ce ke aiki, koto mai wari ya fi komai. In kuma dole sai ka jefa na akwati, ka zaɓi mai hayaniya: wanda ke da 'yan duwatsu a ciki suna kaɗawa, ko mai farfela da ke juyawa, launinsa kuma ya zama ruwan lemo ko ruwan ɗorawa ko baƙi wuluk. A baƙin ruwa ne cokali da fararen kifayen roba ke cin kasuwarsu, don sun yi kama da warangi da kawara, abincin giwan ruwa da tsage na kullum. Da sassafe ko dab da magariba.

Malam_Sani_Yelwa:
Allah ya saka da alheri, na fara ganin haske. Amma ga wani abin da ya ɗaure min kai. A akwatin akwai leda da aka rubuta 6, ƙugiyar ƙarama ce. Wata an rubuta 6/0, ita kuma ta kusa tsawon yatsana. Ga shi Ɗan Shanga yana cewa 14 ita ce ƙarama.

Alhaji_MaiKayanSu:
Malam, shekaru ina sayar da taru da ƙugiya, wannan tambaya kusan kullum sai an yi min ita. In lamba ce zalla, tana hawa ƙugiya na ƙanƙancewa. 14 ta fi 9 ƙanƙanta, 9 ta fi 3 ƙanƙanta, 1 ce babbarsu. Daga nan sai a koma masu sifili a gefe, 1/0, 2/0, har sama, su kuma lamba na hawa ƙugiya na girma. Amma kada ka riƙe lamba da ƙarfi, don kowane kamfani da awonsa, har ma kowane samfuri. Lamba 6 ta kwalin Mustad da masuntanmu suka saba da ita ba lallai ta zo daidai da 6 ɗin da ke ledarka ba. Ka dubi faɗin bakin ƙugiya, ka tuna bakin kifin da kake nema. Gargaza bakinta ɗan tsut, giwan ruwa kuwa bakinsa kamar bokiti.

Sai ka duba kauri. Akwai ƙugiyoyi masu arha da ke shigowa yanzu, ka sa yatsa biyu ka ja sai ta miƙe. Kafin ka saya ka gwada guda a gaban mai shago. Wanda ya hana ka gwadawa, ka san abin da yake sayarwa.

Na_Jega:
Kuma a gwada kaifi. Ka ɗora bakin a kan farcen babban yatsa ka ɗan ja. In ta kama farcen tana da kaifi, in ta zame a goga ta a dutsen wasa wuƙa. Sabuwa ma ana samun dakusasshiya a kwali.

Jikan_Homa:
Na karanta wa kakana muhawarar nan a Argungu, ya ce in rubuta muku yadda ya faɗa:

"Ku gaya ma wanga malami, shi fara sanin makwancin kihi kahin shi zaɓi ƙugiya. Mu da munka tashi nan homa da gora munka sani, ga Matan Fada, wurin gasar kamun kihi, ba a shiga da ƙugiya, amma giwan ruwa nawa munka hiddo da hannu? Don mun san inda shika kwana. Ba ya zama ga hili. Gindin dutsi, ƙarƙashin kututture, bakin gurbi inda ruwa ka juyawa, nan shika laɓewa shina jiran ƙanana su gitta. In ka jefa ga hili, ko zinari kaɗ ɗaura, wanka kakai mai. Kuma shi dubi tsuntsaye. Inda sunka taru suna suka ga ruwa, ƙananan kihi na nan, manya na ƙarƙashinsu."

Ni kuma in ƙara, masu ganin manyan kifi sun ƙare a Kabi su tuna wanda ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne, na 2020 kuma kilo 78.

Injiniya_Mafara:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ya faɗi abin da ya fi duk abin da na rubuta.

Basarke_Zamare:
To ai kun ji. Baba bai ce a sayi roba ba.

Ɗalibin_Bussa:
Bai ce kada a saya ba kuma, Baba Basarke. Wurin da ya kwatanta ma shi ne wurin aikin mai kan darma, wanda har yanzu ba wanda ya yi wa Malam Sani bayaninsa. Malam, ka ɗauki guda ka duba, za ka ga bakin ƙugiyar sama yake kallo, darmar na ƙasa. Da gangan aka yi haka don ta taɓa ƙasa ba tare da ta maƙale ba. Ba jan ta ake yi a miƙe irin na cokali ba. Ka jefa kusa da dutsen, ka bari ta nutse har ka ga zare ya saki, alamar ta kai ƙasa ke nan. Sai ka ɗaga kan sanda kamu ɗaya ko biyu, ka sauke a hankali kana naɗe ragowar zare. Ɗagawa, saukewa. Mafi yawan cizo lokacin da take faɗuwa yake zuwa, kuma ba fizga za ka ji ba, wani ɗan "tik" ne a hannu, ko ka ga zare ya tsaya alhali bai isa ƙasa ba. Nan take ka ɗaga da ƙarfi.

Nauyi kuma ruwa ne ke yanke shi. A ruwa kwantacce marar zurfi giram 7 zuwa 10 ya isa. Inda ruwa ke gudu sai giram 20 zuwa 30, in ba haka ba igiyar ruwa ta tafi da ita ba ta taɓa ƙasa ba. Ragon ruwa ma yana ɗaukarta, don shi ma yana cin ƙananan kifi. In ka soka 'yar tsokar kawara a bakin ƙugiyar ka haɗa motsi da wari, ka ga an raba gardamar.

Abu_Ngaski:
Duk wannan bayani ya yi, amma ba wanda ya gaya masa labarin talibambam, kifin nan mai kumbura. Jelar robar nan mai laushi ita yake so. Ka jefa sabuwa fil, ka jawo ka tarar an gutsure rabin, shi kuma bai kamu ba. Ni shi ya sa na koma ɗaura gashi. Farin gashin zakara daga wuya guda huɗu ko biyar, ɗaya na zabo a tsakiya, ka naɗe da jan zare a wuyan ƙugiya ka ɗiga gam. A ruwa gashin na buɗewa yana rufewa. Darmar ma da kaina nake zubawa. Ina narka ta a gwangwanin madara, in huda rami a busasshen katako daidai girman gyaɗa, in kwantar da ƙugiya in zuba. Kuɗin kifin roba ɗaya sai ya yi min ashirin.

Maman_Khalifa_Anka:
Don Allah ɗan'uwana Abu, wannan narka darma da kake yi, a ina kake yinta? Ni 'yar Anka ce. A 2010 gubar darma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mu mun san Bagega da Dareta, mun ga iyayen da suka binne 'ya'ya, mun ga waɗanda suka rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu. Na san waccan daga dutsen zinare ta fito, amma guba ɗaya ce. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ƙura ce kawai ke shiga bakin yaro. Kada ka narka a tsakar gida, kada a murhun girki, kada yaro ya tsaya kusa. Gwangwanin da katakon kada su shiga hannun yara. Masu matse 'yar darma a zare da haƙori kuma ku bari, ku sa filaya. Ina roƙonku.

Abu_Ngaski:
Na gode Hajiya. A bayan gari nake yi wajen maƙera, amma maganarki ta shiga, zan gaya wa yaran da ke koyo a wurina.

Na_Jega:
Wanda ma bai son darma, noti na babur yana yin nauyi sosai in dai fatsar koto ce. Ga arha, in ya maƙale ba asara.

Tsage_Sai_Waya:
Mu dawo kan tsage, don in Malam Sani ya jefa cokali a baƙin ruwa shi zai fara gamuwa da shi. Abu biyu. Na ɗaya, haƙoransa na yanke nailan ko wane kauri ne, cizo ɗaya ka rasa cokali. Dole ka sa waya kamu ɗaya tsakanin zare da cokali. In babu ta akwati, ka warware tsohuwar wayar kulocin babur ka zare sili biyu ko uku ka murɗe su. Ka sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa a sama don kada cokali ya murɗe maka zare.

Na biyu, cire mai baki ukun nan. Bakin tsage ƙashi ne, ƙarfin fizgarka na rabuwa uku, babu wanda ke shiga sosai. Da ya ji ƙarfe sai ya yi tsalle sama ya girgiza kai, cokali ya dawo maka. Ka sa ƙugiya guda mai kaifi, 3/0 ko 4/0. Kuma da sauri ake ja masa, in ka ja a hankali bin ta kawai zai yi ya juya.

Injiniya_Mafara:
Na yarda da waya, amma ga tsage kaɗai. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, nasa ƙanana ne masu kaushi, goge zare suke yi a hankali, sai kuma marfin kunnensa mai kaifi. A ruwa garau waya na iya sa shi ƙyama. Gara zaren gaba na nailan mai kauri, milimita 0.80 zuwa 1, tsawon hannu guda. Kuma shi mai baki uku na kama shi lafiya, don haɗiya yake yi gaba ɗaya. Abin dubawa shi ne ƙananan zobban da ke riƙe ƙugiyar a jikin kifin roba. Na masu arha buɗewa suke yi in babba ya ja. A canza su tun a gida.

Tsage_Sai_Waya:
To Injiniya, in ka jefa don giwan ruwa tsage ya riga shi fa? Ai ba ka rubuta suna a jiki ba.

Injiniya_Mafara:
Sai in yi asarar kifin roba. Zaɓi ne. A gindin dutse mai zurfi nailan nake sawa, a ruwa mai gudu inda na ga ƙanana na tsalle waya nake sawa.

Basarke_Zamare:
Tun da kun nace da giwan ruwa, bari in ba ku abin da na sani. Ba abin da ya kai rayayyen koto. Ka kamo 'yar gargaza ko kawara mai tsawon tafin hannu, ka soke ta a baya ƙarƙashin ƙaya, kada ka taɓa ƙashin baya, ta ci gaba da iyo. Ƙugiya lamba 1 ko 2. Ka ɗaura gora ko galan a sama. In babu kifi, kwaɗo ma na yi, ramboshi na son shi ƙwarai.

Ustaz_Bunza:
Malam Basarke, a yi hattara da kwaɗo. Akwai hadisi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi lokacin da wani mai magani ya nemi ya sa shi a haɗinsa. Tun da Allah ya hore tana da gara da fara da hanjin kaza, a bar abin da ke da shubuha.

Basarke_Zamare:
Na ji Ustaz, Allah ya sa mu dace.

Ɗalibin_Bussa:
A kan rayayyen koto, Malam Sani ya duba ko akwai ƙugiya mai zagaye a akwatin, wadda bakinta ya lanƙwaso yana kallon ƙafarta. Ita ba a fizga mata. In kifi ya ɗauka ya tafi, naɗe zare kawai za ka yi har ya yi tauri, sai ta zamo daga maƙogwaro ta kama gefen baki. Amfaninta, in ƙarami ne ka cire ka mayar da shi ruwa da ransa. Giwan ruwa mai kilo ɗaya jariri ne, kifi ne da ke iya wuce kilo 100.

Gwaggo_MaiBanda:
Ku maza kuna ta maganar kamawa, mu ne muke karɓar abin da kuka kamo. Kifin da ya haɗiye ƙugiya har ciki ya mutu tun tsakar dare a ruwa, kafin a kawo shi cikinsa ya kumbura, naman ya saki, ko an banda shi ba ya auki. Wanda aka kamo da ransa kuwa da ganin kunnensa ja jawur ka sani. Sau da yawa ina fede tarwada in ci karo da ƙugiya a ciki, ta taɓa shiga min yatsa. Masu yanke zare su bar ƙugiya a cikin kifi, ku riƙa faɗa mana. Sannan 'yan mitsi-mitsin da ake kawowa yanzu abin tausayi ne, giwan ruwa bai kai tafin hannu ba. Da tarun dala da ƙananan ƙugiyoyi da masu zuba magani a ruwa, me za a bar wa jikoki? Ɗana na Bussa, Allah ya yi maka albarka da wannan magana.

Nas_Habiba:
Gwaggo ta tuna min. Muna karɓar masu ƙugiya a yatsa da kunne, har da fatar ido. Mai baki uku ta fi haɗari, musamman a jirgi, kifi na fizge-fizge baki ɗaya na jikinsa ɗaya na hannunka. Ka riƙe filaya, kada ka cire da yatsa. Kafin ka wurga ka waiwaya ka ga ba yaro a bayanka. In ta shige har ƙayarta ta nutse kada a ja ta baya da ƙarfi, a yanke zare a zo asibiti, a kuma yi allurar tetanus. Wanda ya matse ƙayar da filaya tun farko ya sauƙaƙa wa kansa da kifin.

Abu_Ngaski:
Ni ban yarda da matse ƙaya ba, Anti. Tsage da ƙayar ma yana zubar da ƙugiya, ina ga babu?

Injiniya_Mafara:
In zare bai saki ba ba ya zubarwa. Amma na san sai hannu ya saba.

Direban_Jirgi_Warra:
Malam Sani, abin da zai cinye maka akwatin nan ba kifi ba ne, kututture ne. Lokacin da tafkin ya cika, itatuwa da yawa a tsaye ruwa ya shanye su, suna nan har yau a ƙasa. Kifin roba mai dogon leɓe nutsewa yake yi sosai, mai gajeren leɓe sama-sama yake tafiya. In ba ka san wurin ba fara da mai gajere. In ya maƙale kada ka ja da ƙarfi, ka sa abokinka ya zagaya da jirgi ta ɗaya gefen, sau da yawa yana fita. Kuma don Allah ka sa rigar ruwa. Mu mutanen Warra ba mu manta Mayun 2021 ba, jirgi ɗaya ya tafi da mutane masu yawa. Mai wurga sanda a tsaye cikin ƙaramin kwalekwale, babban kifi na ja, kifewa ba wuya.

Malam_Sani_Yelwa:
'Yan uwa na dawo da labari. Asabar mun fita bayan sallar asuba, da rigar ruwa kamar yadda Direba ya ce. Ruwan ya fara washewa amma bai gama ba. Na bi shawarar Baba na Argungu, muka tsaya inda tsuntsaye ke suka. Na sa farin cokali da wayar kuloci da ƙugiya guda. Ana cikin ja sai na ji an doke sandar har ta lanƙwashe, inji ya yi ƙara, kifi ya tashi sama yana ƙyalli da jar wutsiya, ya faɗo, ya sake tashi. Ya shigo jirgi, tsage ne, tsawonsa daga yatsana zuwa gwiwar hannu, wayar duk ta lanƙwashe da shatin haƙori. Abokina kuma da hanjin kaza ya fi ni yawan kifi nesa ba kusa ba, tarwada da kurungu. Mai kan darma biyu suka maƙale a ƙasa suka tafi, ban ji "tik" ɗin ba tukuna. Wani abu kuma, ƙullin da ke tsakanin zare da waya yana zamewa in na ja da hannu. Akwai yadda ake yi?

Basarke_Zamare:
Barka Malam. Ka dai ga wanda ya cika kwando. Amma tsage a sanda ba ƙaramin abu ba ne, na yaba. Ƙulli kuwa, ka zura zare a ido, ka naɗe shi a jikinsa sau shida, ka dawo da bakin ta ramin farko, ka sake zura shi ta madaukin da ya samu. Ka jiƙa da yawu kafin ka ja, busasshen nailan ƙonewa yake yi wajen matsewa. In ka zo Zamare ka neme ni a bakin ruwa in nuna maka da hannu, in kuma kai ka wani dutse. Ka zo da mai kan darmar nan in ga yadda take yi.

Alhaji_MaiKayanSu:
In zaren da ke injinka irin saƙaƙƙen nan ne marar miƙewa, wannan ƙulli ba zai riƙe shi ba, santsi gare shi. Sai ka ninka shi biyu ka zura a ido, ka yi ƙulli sako-sako, ka zura ƙarfen gaba ɗaya ta cikin madaukin, sannan ka matse. Wanne ne a naka?

Malam_Sani_Yelwa:
Saƙaƙƙe ne Alhaji, kore, siriri sosai.

Ɗalibin_Bussa:
To shi ya sa. Kuma da irin wannan zaren ya kamata ka ji cizo sosai, don ba ya miƙewa. Ina zargin darmar ta yi wa wurin nauyi, tana faɗawa cikin rassa kafin ka ɗaga. Giram nawa ka sa, kuma zurfin wurin ya kai gora nawa?

Tsage_Sai_Waya:
Ya bari sai Janairu kawai. Yanzu cokalin ma rabin aikinsa yake yi.

Abu_Ngaski:
Malam Sani, kafin Janairun zan aiko maka da masu gashin zakara guda biyar ta hannun direbobin Yawuri, marasa nauyi, ka gwada a dutsen da Basarke zai kai ka. Wanda ke da gashin zabo da yawa a Yelwa ya yi min magana, nawa ya kusa ƙarewa.